Jan Zaren Malam Idi

Ku jawo bencin nan cikin inuwa, tunda kun ce koyo kuka zo. Amma in gaya maku tun yanzu, in tashin jirgi kuke so, kun ɓata hanya. Tashin dron, ƙaramin jirgin nan marar matuƙi, ba sana'a ba ce. Ɗiyan alhazan unguwar Zariya suna koyon shi tsakanin azahar da la'asar, kafin magariba sun maƙala shi a kan icen bedi, washegari a kawo mani gawar cikin leda. Sana'ar tana cikin wannan ɗan moter da bai kai goro girma ba, shi ke juya farfela. Ni ne Sani, mutanen Sabon Gari suna ce mani Sani Bobin, don aikina naɗin waya ne. Inji ya ƙone, in kwance wayar jan ƙarfen da ke cikinshi, in naɗa sabuwa. Fanka, injin ban ruwa, injin markaɗe, duk sun bi ta hannuna tun kafin a ji sunan dron a Maraɗi. Kuma ba na ba kowa waya ya riƙe sai na ba shi labarin jan zaren can da ke rataye a ƙusa. Ba labari ba ne da nake jin daɗin bayarwa.

Injin farko da na taɓa kwancewa na wani mai lambu ne daga Jiratawa. Ya kawo shi a amalanke yana ta kumfar baki, wai zogalenshi da tumatir za su bushe. Ubangidana Malam Idi, Allah ya jiƙan shi, mutumin Tibiri ne, bai ko dubi injin ba. Mai lambun ya tsare da tambaya: rijiyar tana da zurfi, ruwan yana da rairayi, wa ke tada injin, da safe ake tada shi ko da rana tsaka. Sai da mutumin ya gaji da amsa sannan Malam ya ce in buɗe. Na buɗe, wari ya buge ni kamar an ƙona gashi. Ya zaunar da ni ina warware wayar ina riƙe da yawan zagayen a kaina, don yadda ka tarar haka za ka mayar. In hankalinka ya bi mai tallan fura, to lissafi ya bi ta ke nan. Ranar na fara sanin cewa wayar nan tana yanka yatsa kamar reza, kuma ba a tsayawa don jini. Da muka gama, Malam ya ce mani in riƙe abu guda: kada in taɓa aiki ban tambayi inda za shi ba.

In an gama naɗi, ɗaure shi ake da zare don kada wayar ta motsa, sannan a shafa mashi man da zai bushe ya ƙanƙame. Kowane shago da irin ɗaurinshi. Na Malam Idi da jan zare ne, kuma ƙullin ƙarshe yana barin 'yar wutsiya a lanƙwashe sama kamar ta kunama. Wurin mahaifinshi ya samo shi, masaƙi ne. Ko ido rufe ka shafa za ka gane. Amfanin shi kuwa, in inji ya sake ƙonewa a Jiratawa ko a ƙauye, duk wanda ya buɗe ya ga jan zare ya san ƙofar da za a kai ƙara. Malam bai taɓa musun ƙullinshi ba. Aiki ya dawo, ya shafa, ya ce namu ne, a sake shi, shi ke nan.

Aparanti, wato yaron shago mai koyo, ba ya wannan ƙulli. Kana iya shekaru kana naɗi, in aka zo ɗauri sai ka miƙa wa Malam. Sai ranar da zai sallame ka ya kira 'yan sana'a, a raba goro, ya ɗora maka dunƙulen jan zare a hannu. Kuma yana karɓewa. Na ga ya karɓe na wani Hamisu, wanda ya riga ni, don ya naɗa wa wata mai markaɗe wayar alminiyom da aka shafa wa launin jan ƙarfe. Malam bai zage shi ba. Ya je shagonshi da ƙafa, ya miƙa hannu, Hamisu ya ɗauko zaren ya ba shi. Hamisu bai ƙara shekara a garin nan ba. Tun daga ranar babu abin da nake tsoro a duniya kamar wannan miƙa hannun.

Abin da ya fi ci mani rai a wurin Malam kuwa, ba ya yabo. Wallahi ba ya yi. Ka ƙare ƙarfinka a kan naɗi, ya fito sumul, ka kai mashi kana jiran kalma guda, ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Kai wa mai shi." Iyakar ta ke nan. Ranar da ya ba ni zare ma na ce yau dai zan ji, sai ya ce in kula da beraye, suna cin zare. Na buɗe shagona, na yi aure, furfura ta fara fito mani, shi kuma yanar ido ta rufe mashi gani ya koma gida Tibiri, amma duk Juma'ar da na je gaishe shi da wani aiki a aljihu nake zuwa. Ya shafa, ya miƙo mani, ya ce kai wa mai shi.

Dron na farko da ya shigo shagon nan wani mai ɗaukar bidiyon biki ne ya kawo, Bashir. Jirgin ya faɗa cikin tukunyar miya a wani biki, kada ku yi dariya, da gaske nake. Moter guda ta ƙone, kuma ba a samun irinta a kasuwa sai an aika Kano an jira. Na buɗe na ga abin da na sani ne, naɗi ne, sai dai wayar sirara ce kamar gashi. Na sayi tabarau mai ƙara girma, na feƙe hantsaki, na yi ta tsinka waya ina sakewa har na fara zagin kaina a fili. Da ta tashi, Bashir ya rungume ni a bakin titi har 'yan kabu-kabu suna tsayawa kallo. Daga nan fa aka sako su. Na koyi cewa rairayin garin nan yana shiga moter ya ci ta daga ciki. Na koyi cewa batir ɗinsu in ya sha zafin bazara kumbura yake kamar fanke, kuma wanda ya huda shi ya ga wuta. Na koyi daidaita farfela da ɗan guntun salatif, don in ɗaya ta fi 'yar'uwarta nauyi hoton rawa zai yi ta yi, amarya ta fito kamar mai jin sanyi. Wannan ne aikin da kuke cewa danna maɓalli ne.

Malam yana da ɗa, Lawali, sa'ana ne, tare muka yi zaman shago kafin ya shiga soja. Ya kai muƙamin ajidan. In ya samu hutu nan yake zuwa shan shayi, kuma ba mu da hira sai gardama guda. Shi ya ce mu farar hula tsintar kayan soja muka yi muna wasa da shi a gidan biki, ai abin da ke gaya wa jirgin inda yake a sararin sama sojojin Turawa suka fara yin shi don yaƙi. Ni in ce ya yi ta zama, wannan ƙaramin dai masu sha'awa ne irinmu suka yi ta haɗa shi a bayan gida suna faɗuwa suna sakewa, ku kuna can da manyan jiragenku da sai an share masu fili. Ranar da kuka so leƙa bayan tudu, na wa kuka saya? Sai ya yi dariya, don ya san gaskiya ce. Shi da kanshi ya sha kawo mani nasu cikin kwali in gyara, kuma irin na Bashir ne sak, fenti kawai aka sake.

Aikin da ya fitar da sunana wata Hajiya ce ta jawo shi, matar wani mai fataucin atamfa a unguwar Zariya. Ɗiyarta ta gama karatun jinya za ta yi aure, Hajiya tana son abin da ba a taɓa yi ba a Maraɗi. Bashir ya zo mani da maganar, muka yi ta juya ta, har na ce to mu sa a yi ruwan alawa. Na samu gwangwanin madara, na yi mashi murfi a ƙasa, na naɗa wata 'yar moter da za ta buɗe murfin in an taɓa telekomand, abin sarrafa jirgin daga ƙasa. Na ɗaure komai da jan zare, na yi ƙullin kunama, don aikina ne kuma ina alfahari da shi. Ranar biki ina tsaye can bayan rumfa. Jirgi ya tashi, ya tsaya saman taro, sai ga alawa da dabino suna zubowa kamar ƙanƙara. Kai! Guɗa ta ko'ina, manyan mata da lesunansu suna wawaso, wani tsoho ya tara hula. Ni kuwa kaina ya yi girma har na ji hulata ta matse ni.

Kafin sati bidiyon ya zaga wayoyi. Masu ɗaukar biki suka yi mani caa, daga Tibiri, daga Tasawa, har daga ƙetaren iyaka. Kowa gwangwanin ruwan alawa yake so. Ban manta da karatun Malam ba, duk wanda ya zo sai na tambaye shi inda za shi da shi. Kowa ya ce biki, ko suna, ko walimar sauka. To mi zan ce? Fuskokinsu irin naku ne, samari masu kamera a wuya, suna gaisuwa da ladabi. Na yi ta yi ina ɗaurewa. Da Lawali ya zo hutu na ajiye mashi guda a gaban shayi na ce, wannan ma ku kuka ƙirƙira? Ya ɗaga hannu ya ce ya sallama, wannan kam namu ne. Na yi dariya ranar har da buga cinya.

Sai muguwar shekara ta zo. Ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi ƙauyukan bakin iyaka, hukuma ta ce kada wanda ya ƙara tada dron sai da takardar izini. Biki ya koma ƙasa. Kantar nan da kuke gani ta cika da jirage da masu su suka ƙi zuwa karɓa, batir suna kumbura ina fitar da su waje ina binnewa cikin rairayi. Na koma fanka, fankar ma mutane sun gwammace su yar su sayi sabuwa mai araha. Masu lambun Jiratawa ne suka riƙe ni, su da tsofaffin injinansu. Bakina kuwa bai huta ba. Duk fadar hira da na zauna sai na ce sojoji sun kashe mana sana'a, sun ara daga wurinmu sun dawo sun hana mu, mu da ba mu san komai ba sai alawa. Na faɗa a gaban manya, na faɗa a gaban yara, kowa ya ji ni.

Wata Juma'a da hantsi Lawali ya kira ni ya ce in an sauko masallaci in zo Tibiri, Baba na son ganina. Bai yi mani wasan da ya saba ba. Na sayi goro na hau babur. Da na yi sallama a zauren na tarar da Malam a kan buzunshi, Lawali kuma zaune a ƙasa da kakin soja, abin da bai taɓa yi ba a gaban mahaifinshi. Muka gaisa. Sai Lawali ya ce akwai wani ƙauye can kudu da aka kai wa hari bayan an gama girbi. Mutanen sun ce kafin maharan su iso, wani abu ya zo ta sama yana ƙugi kamar taron zuma, ya saki wuta a kan rumbuna. Maza suka ruga kashe gobara, aka kore shanun ta baya. Hatsin shekara ya tafi, shanu sun tafi. Daga baya su Lawali suka fatattaki mutanen daga maɓoyarsu a daji, cikin kayan da suka bari har da jirgin. Manyanshi suka ba shi abin da aka ɗaura a cikin jirgin, suka ce ya bincika cikin masu gyara na gari ko za a gane hannun wanda ya yi.

Ya ce shi bai bincika ko'ina ba, don a zauren nan ya ga ana wannan ƙulli tun bai iya tsarki ba. Ya zaro wani abu naɗe cikin hankici ya warware. Gwangwanin madara ne, ya yi baƙi, yana warin hayaƙi. Zaren ya dafe amma ana ganin ja ne. Bai miƙo mani ba, a tafin hannun mahaifinshi ya ɗora shi.

Ba zan ɓoye maku abin da ya zo mani a rai ba. Na ce ina ma Lawali ya sa almakashi a hanya. Tsinke guda, zare ya faɗi, gwangwani ya zama na kowa. Bai yi ba. Ina kallon yatsun Malam suna bin gwangwanin, suka bi murfin, suka gangaro kan 'yar moter, suka tsaya a kan ƙullin. Ya daɗe yana shafa wutsiyar da babban yatsa.

"Namu ne," ya ce.

Na ce, "Baba, ni na ɗaura shi. Ba ka ma san an yi ba."

"Na san kai ne. Wa ya koya maka? Namu ne."

Lawali ya ce ranar Litinin zai tafi da ni in yi bayani, kuma yana ganin ba wani abu, tunda kowa ya san don alawa aka yi. Malam ya ce da shi za a je. Lawali ya roƙe shi, na roƙe shi har na kama ƙafarshi, ya janye. Ya ce zare nashi ne, ba a taɓa kai ƙarar jan zare ba ya aika wani.

Ranar Litinin ya sa farar rigarshi ta Idi. Ni na riƙe mashi hannu daga mota zuwa bakin ƙofar barikin soja, aka ce mu jira a benci. Wurin a bakin hanya yake. Tsoho makaho, wanda duk rayuwarshi bai taɓa abin da ya wuce fanka da injin ban ruwa ba, yana zaune a ƙofar sojoji rana tana dukan shi, masu wucewa a kabu-kabu suna waiwaye. Wasu suka tsaya suka gaishe shi, ya amsa kamar yana ƙofar gidanshi. Wani ya tambaye shi lafiya, ya ce aikinmu ne ya dawo. Ni ina gefe na sunkuyar da kai, ina jin kamar in tsaga ƙasa in shige. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har yau in na bi ta hanyar nan ɗauke kai nake.

A ciki ba a wulaƙanta mu ba, in faɗi gaskiya. Babban da ya karɓe mu ya ba Malam kujera ya sa aka kawo mashi ruwa. Na faɗi duk wanda na iya tunawa cikin waɗanda na yi wa gwangwani, da waɗanda ban san ko sunansu ba. Ko saye aka yi daga hannun wani, ko ƙwacewa aka yi, ko ɗaya daga cikin masu ladabin nan ne da kanshi, har yau ban sani ba. Suka ce ba su ga laifina ba, in dai daina. Ai na riga na daina tun a zauren Tibiri. Da sun kulle ni kwana biyu wataƙila da na fi samun sauƙi, amma suka sallame mu har da godiya, Malam ya ce a kai shi gida.

Bai tsaya nan ba. Cikin satin ya sa aka buɗe rumbunshi, aka fitar da damman gero, ya ce Lawali ya san yadda za a yi su kai ƙauyen. Matarshi Inna Rabi tana tsaye tana kallon abincin gidanta yana fita, kuma da na gaishe ta ta amsa mani lafiya lau, wanda ya fi mani zagi ciwo. Na ce Baba ai hukuma ta ce ba laifinmu. Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani aikin da ya dawo da ƙullinka gyara shi ake, wannan kuwa ba ya naɗuwa da waya. Na kawo abin da na iya na ƙara a kai. Nawa bai taka kara ya karya ba kusa da nashi.

Gari kuma ya ɗauka. Kun san Maraɗi, magana ba ta kwana. Kafin ta kai Sabon Gari ta zama wai an kama Malam Idi yana ƙera wa ɓarayi kaya. Waɗanda na cika wa kunne da cewa mu alawa kawai muka sani suka riƙa yin shiru in na iso fada. Wanda ya ƙarasa ni wani mai lambu ne na Jiratawa, ɗan wancan mutumin na amalanke, tun zamanin mahaifinshi injinsu jan zare ne. Ya kawo aiki, na gama, na ɗauko zare, sai ya yi ƙasa da murya ya ce don Allah in ɗaure mashi da baƙi, ba ya son wani ya buɗe ya gani. Zaren da mutane ke buɗe inji su nuna wa maƙwabta. Na ɗaure mashi da baƙi, ya tafi, na rufe shago da rana tsaka.

Shi ya sa in kun ji ana gardamar wa ya ƙirƙiri mi, soja ko farar hula, ni ba na sa baki yanzu. Lawali yana nan, yana kawo mani nasu in gyara, da takarda da komai, ni kuma ina gyarawa don na san suna leƙa daji da su su ga inda aka ɓoye mutane. Mukan sha shayi. Amma tsohuwar gardamar nan ba wanda ya ƙara tada ta, shi bai taɓa tuna mani abin da na faɗa a kan gwangwani ba, ni kuma na san bai manta ba. Kuma kada ɗayanku ya tambaye ni yadda ake murfin nan. Naɗi zan koya maku, da farfela, da batir.

Ranar da na rufe shagon, zaren na cire daga ƙusa na sa aljihu na nufi Tibiri. Na ce gara in kai da kaina da in jira a zo a miƙa mani hannu kamar Hamisu. Na tarar da Malam shi kaɗai a zaure bayan la'asar. Na durƙusa, na ɗora mashi dunƙulen a hannu, na ce na jawo wa zaren abin da ba zai wanku ba, ya karɓi abinshi. Ya juya shi, ya shinshina, kamar yadda yake yi wa kowane aiki. Ya tambaye ni ko wayar gwangwanin ta jabu ce. Na ce a'a. Ya ce na tambayi inda za a kai shi? Na ce na tambaya. Ya ce to Hamisu ɓoye aikinshi ya yi, in na koma baƙin zare don kada a gane ni, ranar ce zai zo shagona da ƙafa ya karɓa, ko da jan gora ne. Ya lalubo hannuna ya mayar mani da zaren, ya riƙe hannun bai saki ba.

"Sani," ya ce, "ranar da Lawali ya ɗora mani abin nan, na so in ce ban gane shi ba. Makaho ne ni, wa zai ƙaryata ni? Na yi ta shafawa ina neman inda ka yi sako-sako, in ce wani ne ya kwaikwaya. Ban samu ba. Wuta ta ci shi, ƙullin bai motsa ba. Ya yi kyau, ɗana. Ni ma ban taɓa yin kamar shi ba."

Tun ina aparanti nake jiran wannan kalma daga bakinshi, kuma a kan wannan gwangwani ta zo. Bai ƙara faɗa mani ita a kan wani aiki ba har ya rasu. Na tashi na fito da zaren a hannu, na kai bakin babur sannan na tuna ko na gode ban ce mashi ba.